Tambaya da Amsa: Bitamin C, Kanwa da Radikal ɗin Oksijin

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan bitamin C suka faɗo, tun daga ajin kimiyya har akurkin kaji. Mun fara da ta malamin makaranta, domin amsarta ce za ta ɗauki sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata sakandaren jeka-ka-dawo a karkarar Ringim. Littafi ya ce bitamin C yana kashe radikal ɗin oksijin, daga nan ya ja bakinsa. Ɗalibai sun tambaye ni ta yaya yake kashe su, kuma me shi kansa yake zama bayan ya gama. Ku fitar da ni kunya. Daga malamin kimiyya, Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yaran nan sun iya tambaya, Allah ya yi musu albarka. Ka fara gaya musu cewa bitamin C ba ya kashe kowa. Ilaktiron yake bayarwa, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke jikin kowane sinadari, ɗaya bayan ɗaya, kuma amfaninsa da haɗarinsa duk daga wannan bayarwar suke fitowa.

A cikin ƙwayar sinadari, ilaktiron bibbiyu suke zama. Radikal shi ne wanda ke ɗauke da gwauron ilaktiron, marar abokin zama, don haka ba ya natsuwa sai ya fizgo ɗaya daga maƙwabcinsa. Wanda aka fizge wa shi ma ya koma gwauro, ya juya kan na kusa da shi, abu ya yi ta yaɗuwa.

Oksijin da muke shaƙa yana buƙatar ilaktiron 4 cif kafin ya zama ruwa, kuma a cikin maitokondiriya, inda jiki ke ƙona abinci, ake ba shi su. Wani ɗan kaɗan yakan suɓuce da guda ɗaya tak, shi ne sufa'oksaid. Akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, da ke haɗa sufa'oksaid biyu ya fitar da oksijin da haidurojin feroksaid. Wannan na biyun ba radikal ba ne, kuma enzayim katalas yana fasa shi ya koma ruwa da oksijin. Kumfar da ke tashi idan an zuba haidurojin feroksaid a kan rauni aikin katalas ne kake gani da idonka. Matsala tana zuwa ne idan haidurojin feroksaid ya riga katalas haɗuwa da sinadarin ƙarfe a sake. Nan ake haifar haidiroksil, mafi muni a cikinsu. Ƙarfin wannan haɗin na ƙarfe da feroksaid Fenton ya bayyana shi tun 1894.

To, ga bitamin C. A jini, inda ma'aunin pH (ma'aunin tsami ne, ƙaramin adadi na nufin tsami mai yawa) yake 7.4, sama da kashi 99 cikin 100 nasa yana yawo ne a matsayin askobet. Idan ya gamu da radikal sai ya miƙa masa ilaktiron guda, radikal ya lafa. Yanzu askobet ɗin ne ya zama gwauro, ana kiransa askobil. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ginin jikinsa: gwauron ilaktiron ɗin ba ya tsayawa wuri guda, yana bazuwa ne a tsakanin oksijin uku da ke jikin ƙwayar, sai zafinsa ya ragu ƙwarai. Ba ya farautar kitse, ba ya taɓa DNA, kusan ba ya kula oksijin. Jira yake ya haɗu da wani askobil ɗan'uwansa, ɗaya ya karɓi ilaktiron ya koma askobet sabo, ɗayan ya rasa na biyu ya zama abin da ake kira DHA. Nan yaɗuwar ta tsaya.

Garry Buettner na Jami'ar Iowa a Amurka ya jera su a 1993 bisa ƙarfin fizgar ilaktiron, a ma'aunin bolt: haidiroksil 2.3, feroksil na kitse wajen 1.0, radikal ɗin bitamin E 0.5, askobil 0.28. Na sama yana ƙwace daga na ƙasa. Bitamin C yana can kusa da gindi, shi ya sa kusan kowa ke iya karɓa a hannunsa, shi kuwa ba ya iya ƙwata daga kowa. Ka rubuta wa yara wannan jerin a allo, rabin darasin ke nan.

Sai dai littattafan makaranta suna ba shi yabon da ya wuce aikinsa. Haidiroksil ba ya rayuwa fiye da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Duk abin da ya fara cin karo da shi, shi zai ci. Bitamin C yana amsa masa da gudu idan sun haɗu, amma furotin da kitsen da ke kewaye sun ninka shi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka yawanci ba ya wurin a lokacin. Kariyar jiki daga haidiroksil ita ce hana a haife shi, ta hanyar ɗaure ƙarfe da share feroksaid. Sufa'oksaid kuwa, SOD ya fi bitamin C saurin kama shi da kusan ninki 10,000. Shi kuma haidurojin feroksaid, bitamin C shi kaɗai jan ƙafa yake yi a kansa. Tsirrai ne ke da enzayim na musamman da ke haɗa su aiki.

Inda ya yi fice shi ne bakin fatar ƙwayar halitta. Fatar kitse ce, kuma idan radikal ya cire haidurojin daga kitse guda, oksijin yakan manne a gurbin ya zama feroksil, shi kuma ya cire daga na gaba. Wannan ne ke faruwa a fili idan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ya kwana biyu ya fara wari da maƙaƙi. Bitamin E, da yake a kitse yake narkewa, shi ke zaune a cikin fatar yana tare feroksil, amma ɗan kaɗan ne, ƙwaya ɗaya a tsakanin ƙwayoyin kitse dubu ko fiye. Da kowace ƙwaya sau ɗaya take aiki, da tuni ya ƙare. Bitamin C ba ya shiga kitse, a ruwa yake, sai ya tsaya a baki ya miƙa wa bitamin E ilaktiron, ya koma bakin aiki. Packer, Slater da Willson ne suka nuna wannan kai tsaye a 1979. Haka kuma yana tare feroksil na cikin ruwan jini, da ozon da gurɓatacciyar iskar da ke sauka a ruwan da ya lulluɓe huhu, da sinadarin bilicin da fararen ƙwayoyin jini ke haɗawa da gangan don kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa waɗannan fararen ƙwayoyin ke tara bitamin C a cikinsu ninki goma ko fiye a kan na ruwan jini: suna kare kansu daga makaminsu.

Saura tambayar yaran ta biyu. DHA ba shara ba ne. Jajayen ƙwayoyin jini suna zuƙe shi ta ƙofar da sukari ke shiga, gulutatayon, wani sinadarin kariya da jiki ke haɗawa, ya mayar masa da ilaktiron biyunsa, ya koma askobet. Shi ma gulutatayon ana sabunta shi da ƙarfin da aka samo daga sukari, ta hannun enzayim G6PD. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa. Idan kuwa ba a ceto DHA da wuri ba, a zafin jiki rabinsa yakan fashe cikin 'yan mintuna, kuma wannan fashewar ba ta komawa. Wani ɓangare nasa yana ƙarewa a okzalet, ya fita ta fitsari.

Kada ka bar su da tunanin cewa yaƙi da radikal ne babban aikinsa. Enzayim ɗin da ke ƙarfafa kolajin, wato abin da ke riƙe fata, dasashi da jijiyoyin jini, da ƙarfe suke aiki, kuma bitamin C ne ke mayar wa ƙarfen ilaktiron idan ya rasa. Mutumin da ya yi wata ɗaya zuwa uku ba ya samun ko miligiram 10 a rana, dasashinsa zai fara kumburi da jini, rauni ya ƙi warkewa, tsohon tabo ya buɗe. Cutar da James Lind ya gwada wa magunguna daban-daban, ciki har da lemo, ke nan a kan ma'aikatan jirgin ruwa 12 a 1747, tun kafin Szent-Györgyi ya tace sinadarin a 1928.

TAMBAYA: Ina dafa zogale da rama na sayarwa ranar kasuwa. 'Yata da ke makarantar koyon aikin jinya ta ce kanwar da nake jefawa tana kashe amfanin ganyen. Ni kuwa haka na taso na ga ana yi. Wa ke da gaskiya? Daga wata uwa, Bunkure.

AMSA: Hajiya, a kan bitamin C dai 'yarki ce da gaskiya. Ƙarfe, kalsiyam da furotin na ganyen kuwa, kanwa ba ta kawar da su.

Dalilin shi ne bitamin C a cikin tsami yake riƙe ilaktiron ɗinsa da kyau. Ruwan lemon tsami yana wajen pH 2 zuwa 2.5, a nan yana daɗewa. Ruwan kanwa kuwa yana kaiwa wajen 10, a nan sai ya saki hannu, oksijin ɗin da ke cikin tukunya ya kwashe ilaktiron ɗin, DHA da ya rage zafi ya fasa shi nan take. Wato ya gama bayar da abin da ke hannunsa a tukunya, bai kai ga mai ci ba.

Ba kanwa kaɗai ba ce ɓarauniyar. A cikin ganyen kansa akwai enzayim da ke haɗa bitamin C da oksijin da zarar an yanka ko an daka. Yana aiki sosai a ruwa mai ɗumi, tafasa ce ke kashe shi. Saboda haka wadda ta zuba ganye a ruwan sanyi ta ɗora a murhu ta ba shi duk lokacin da yake so. Sannan bitamin C yana narkewa a ruwa: idan an tafasa ganye a ruwa mai yawa, aka tsiyaye, aka matse, rabi ko fiye ya bi ruwan da aka zubar. Tsatsar tukunya da ludayin tagulla su ma suna hanzarta lalacewar.

Ga yadda za ki rage asara ba tare da kin ɓata sana'arki ba. Ki wanke ganyen kafin ki yanka, kada ki jiƙa yankakke. Ki bari ruwan ya tafasa sosai tukuna, kuma kaɗan, daidai wanda zai rufe ganyen. Ki zuba, ki rufe tukunya. Ɗanyen zogale mai taushi minti 5 zuwa 10 ya ishe shi, ba ya buƙatar kanwa. Tsohon ganye ne ke sa a nemi taimakonta. Rama da yakuwa tsaminsu kariya ne, in ya yi yawa gara ki rage shi da ƙuli-ƙuli.

Amma dabarar da ta fi duk waɗannan sauƙi ita ce ki ɗauka ganyen da aka dafa ya riga ya yi asara, ki cike gurbin a wurin kwaɗo. Jan tattasai ɗanye yana da wajen miligiram 128 a kowane giram 100, tumatir kuwa wajen 14 kawai, don haka tattasai guda ya fi tumatir uku. Ki yanka su lokacin da mai saye ya zo, ki matsa lemon tsami a kai. Ku da kuke kusa da Kadawa da Kwanar Gafan ba ku da uzuri a lokacin rani. Kauɗar tumatir da busasshen tattasai da aka shanya a rana kwana da kwanaki suna ba miya ɗanɗano da launi, amma mafi yawan bitamin C ɗinsu ya tafi. Haka garin kuka da busasshiyar kuɓewa. Gero, dawa da masara kuwa dama ba su da shi.

Gargaɗi guda: wannan magana ta gajarta dahuwa ba ta shafi wake, rogo da ganyen rogo ba. Su dole a dafa su su nuna sarai.

TAMBAYA: Kullum ina shan kunun tsamiya da zoɓo. Tunda suna da tsami, ai na samu bitamin C ɗina ko? Daga wani matashi, Kafin Hausa.

AMSA: Ba ka samu ba, ɗan'uwa. Tsamin tsamiya na wani asid ne daban, tatarik. Bitamin C ɗinta bai kai miligiram 4 a giram 100 ba. Zoɓo ma bayan shanya da doguwar tafasa abin da ya rage kaɗan ne. Baligi namiji ana so ya samu miligiram 90 a rana, mace 75, mai ciki 85, mai shayarwa 120, a lissafin Amurka. Na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ƙasa da haka, 45 ga baligi. Gwaiba guda matsakaiciya ta haura 100. Lemon zaƙi guda wajen 70, mangwaro babba ma haka. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake dama kwalba da nono da shi, yana da yawa, cokali biyu manya kan ba da 30 ko fiye, in dai a ruwan sanyi aka dama kuma garin bai tsufa ba.

TAMBAYA: Matata tana da juna biyu, an ba ta maganin ƙarin jini a asibiti aka ce ta riƙa shan lemo. Ƙanena kuma mai sikila ne, an sha yi masa ƙarin jini, shi likitansa ya hana shi shan bitamin C mai yawa. Abu ɗaya ya zama magani ga wannan, guba ga wancan? Daga wani magidanci, Ɗambatta.

AMSA: Malam, duka shawarwarin biyu daidai ne, kuma dalilinsu guda.

Ƙarfe yana da fuska biyu, ferik da feros; bambancinsu ilaktiron ɗaya ne. Na cikin wake, gero da ganye yawanci ferik ne, hanji kuwa feros yake zuƙa. Bitamin C yana miƙa wa ferik ilaktiron ya koma feros, ya kuma riƙe shi a narke har ya isa inda za a sha shi. Shi ya sa lemo ko ɗanyen tattasai a kan shinkafa da wake ke ƙara yawan ƙarfen da jiki zai samu. Sharaɗin shi ne su haɗu a ciki a lokaci guda. Lemon safe ba ya taimakon tuwon dare. Ƙwayar maganin da aka ba maiɗakinka dama feros ce, don haka ko da ruwa ta sha za ta yi aiki. Abin da ya fi muhimmanci gare ta shi ne ta raba maganin da shayi da madara da awa ɗaya zuwa biyu, domin su suna ɗaure ƙarfe.

Feros ɗin nan kuma shi ne wanda ke haɗuwa da haidurojin feroksaid ya haifi haidiroksil. Bayan ya yi ya koma ferik, idan akwai bitamin C a kusa sai ya sake mayar da shi feros, a sake zagayowa. A jikin mai lafiya wannan ba ya samun fili, saboda ƙarfe a ɗaure yake: furotin taransferin da ke ɗaukarsa a jini kashi ɗaya cikin uku kawai na gurabensa ke cike, sauran kuma yana ajiye a cikin feritin.

Ƙanenka lamarinsa daban. Kowace ledar jini tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuwa ba shi da hanyar fitar da shi sai miligiram 1 zuwa 2 a rana. Bayan leda 10 zuwa 20 guraben sun cika, ƙarfe ya fara yawo a sake, ya taru a hanta da zuciya. Bitamin C mai yawa a wannan hali ƙara wa Barno dawaki ne. Ko masu karɓar allurar difaroksamin ta fitar da ƙarfe ba a ba su fiye da miligiram 200 a rana, kuma sai bayan sun yi wata guda a kan maganin, saboda an ga zuciya ta raunana ga waɗanda suka sha da yawa. Gwaiba da lemo ba su ne aka hana shi ba. Ƙwayoyin miligiram 500 da 1,000 ne. Ku tambayi likita gwajin feritin, kuma kada kowa ya saya masa maganin ƙarin jini a kemis.

TAMBAYA: Mahaifiyata shekara da shekaru tana girki da itace da kara a rufaffen ɗaki, tari ba ya barinta. Wani mai kemis ya ce in riƙa ba ta ƙwayar bitamin C mai narkewa a ruwa ta miligiram 1,000 kullum, ko a sa mata a ƙarin ruwa, wai zai wanke hayaƙin. Daga wata 'yar'uwa, Gwarzo.

AMSA: Allah ya ba Inna lafiya. Gaskiya ne hayaƙi cike yake da radikal, kuma yana cinye bitamin C; shi ya sa aka ƙara wa masu shan taba miligiram 35 a kan na kowa. Amma ki lura da adadin: 35, ba 1,000 ba.

Hanji yana da ƙofofi ƙidayayyu na shigar da bitamin C. Daga miligiram 30 zuwa 180 a rana yana karɓar kashi 70 zuwa 90 cikin 100. In aka haura giram 1, ko rabi ba ya karɓa. Binciken Mark Levine na 1996 ya nuna jini yana kusan cika ne a wajen miligiram 200 zuwa 400 a rana, abin da ya ƙaru ƙoda ta zubar. Wanda ya tsaya a hanji kuma ruwa yake ja, ya kawo murɗar ciki da gudawa, musamman an haura miligiram 2,000. Okzalet ɗin da muka ambata shi ne ke yin tsakuwar ƙoda, kuma wani bincike a Suwidin a 2013 ya samu mazan da ke shan manyan ƙwayoyin nan sun kusa ninka sauran kamuwa da ita. A ƙasarmu mai zafi, inda gumi ke rage fitsari, wannan ba abin wasa ba ne. Amfanin da ake zato kuma bai bayyana ba: likitoci maza sama da 14,000 a Amurka aka bi kimanin shekara 8, wasu na shan miligiram 500 kullum, sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna raguwar ciwon zuciya ba.

Ta jijiya kuwa kada ki yarda. Ƙarin ruwa yana tsallake hanji, jini ya ɗauki ninkin-ba-ninkin abin da baki zai iya ba shi, kuma a wannan matakin bitamin C da kansa yake haifar da haidurojin feroksaid. Mai ƙarancin G6PD, wanda gado ne kuma yana da yawa a Najeriya musamman ga maza, jajayen ƙwayoyin jininsa ba sa iya sabunta gulutatayon, sai su farfashe: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. Yana kuma rikita wasu na'urorin awon sukari.

Tarin da ya wuce mako biyu gwajin majina yake buƙata, don a duba tarin fuka, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. A fitar da murhun waje ko a huda taga, a daina hura ɗanyen itace da leda.

TAMBAYA: Ina da kajin gidan gona 300. Da bazara suna haki suna mutuwa. An ce in sa musu bitamin C, na sa, ban ga canji ba. Daga mai kiwo, Haɗeja.

AMSA: Alhaji, kaza tana haɗa nata bitamin C a ƙoda, akuya da saniya a hanta, mu 'yan Adam ne muka rasa enzayim na ƙarshe a wannan aikin. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Haɗeja ke haura digiri 40, abin da kaza ke haɗawa ba ya isarta, don haka ƙari yana ɗan taimakawa. Abin da aka saba shi ne miligiram 200 zuwa 250 a kilo na abinci, wato giram 5 zuwa 6 a buhu mai kilo 25, ko giram 2 zuwa 4 a jarka mai lita 20.

Muna zargin ya lalace ne kafin su sha. Mazubin ƙarfe mai tsatsa, ruwan da ya yi zafi a rana, da haɗin da aka yi tun safe aka bari har la'asar, kowannensu yana cinye shi. Ka yi amfani da roba, a inuwa, da ruwan randa, ka haɗa daidai abin da za su shanye cikin awa 3 zuwa 4, kafin rana ta take. Idan kana sa kulorin a ruwan, su biyun suna kashe juna, ka yi asarar duka. Ka raba musu lokaci. Wannan ya shafi ruwan shan gida ma: in an sa maganin tsaftace ruwa, a jira minti 30 kafin a matsa lemo. Kuma bitamin C ba ya maye gurbin iska. Ka rage cunkoso, ka shimfiɗa kara ko zana a kan kwanon rufi, ka ɗauke abinci da tsakar rana. Awaki da shanu kada ka ɓata kuɗinka, tumbinsu yana lalata wanda aka ba su ta baki.

TAMBAYA: Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Akwai yadda za mu auna bitamin C da kayan da ke hannu? Daga ɗalibar aji biyar, Birnin Kudu.

AMSA: Akwai, 'yata, kuma kayan ba su wuce na kemis da kicin ba. Ki samo aidin na wanke rauni, irin fobidon mai kashi 10 cikin 100, da sirinji marar allura, da farar ƙwayar bitamin C ta miligiram 100, ba mai launin lemo ba, da sitacin rogo.

Ki dama rabin ƙaramin cokali na sitaci a kofi guda na tafasasshen ruwa, ki bari ya huce. Ki niƙa ƙwayar ki narkar a ruwa mililita 100. Kowace mililita tana da miligiram 1 ke nan. Ki ɗebi mililita 10 a farin kofi, ki sa cokali guda na ruwan sitaci, ki riƙa ɗiga aidin kina juyawa. Kowane ɗigo zai yi shuɗi in ya taɓa sitacin, sannan ya ɓace, domin bitamin C yana ba aidin ilaktiron biyu ya kashe launinsa. Sa'ad da shuɗin ya tsaya daƙiƙa 20 bai ɓace ba, bitamin C ya ƙare. Da sabon aidin za ki ci wajen mililita 1.4. Duk abin da naki ya ci, shi ne ma'aunin miligiram 10. Sai ki tace ruwan lemo, na gwaiba, na tsamiya, ki auna mililita 10 na kowanne ki kwatanta.

Daga nan ki raba ruwan ƙwayar uku: ɗaya a ajiye, ɗaya a tafasa minti 15, ɗaya a tafasa da ɗan gutsuren kanwa. Wanda aka tafasa shi kaɗai zai ba ku mamaki, asararsa ba ta kai yadda ake zato ba, don ruwan yana da ɗan tsami kuma tafasa tana korar oksijin. Na kanwar ne zai faɗi.

Wuraren da gwajin ke ɓaci su ne waɗannan. Ruwa yana ƙonewa a tafasa, sai ki cika shi ya koma yadda yake kafin ki auna. Sitaci ba ya yin shuɗi a ruwan zafi, a bari ya huce. Kanwa ita kanta tana cin aidin, ta sa ki zaci bitamin C na nan. Ki ɗiga ruwan khal har kumfa ta daina tashi tukuna. Jan zoɓo yana ɓoye shuɗin, kuma yana da wasu sinadaran da su ma ke ba aidin ilaktiron, don haka adadinsa zai fito sama da gaskiya. Ruwan ƙwayar kuma a haɗa sabo ranar gwaji, a rufe kwalbar aidin tsakanin awo da awo, kuma kada kowa ya kai kofin gwajin baki.